Daga Marree zuwa Marla: yadda muka ratsa hanyar Oodnadatta da mota

Mutum zai iya shekara goma a Ostireliya bai taɓa ɗora tayar mota a kan hanyar da ba kwalta ba, domin kusan duk jama'ar ƙasar a bakin teku suke zaune. Da ka juya wa teku baya ka nausa tsakiya, yankin da suke kira autbak, sai garuruwa su yi ta ƙanƙancewa suna nisa da juna, har ka kai inda gidan mai ɗaya da masauki ɗaya ne gari. A can hanyoyin burji ne da tsakuwa. Ɗaya daga cikin sanannunsu ita ce hanyar Oodnadatta a jihar Ostireliya ta Kudu, wadda ta tashi daga Marree, ta bi ta William Creek da Oodnadatta, ta faɗa babban titin Stuart a Marla. Tsawonta ya ɗan haura kilomita 600. Ita muka bi, ni da wani ƙanena ɗan gida da ke karatu a Adelaide.

Ba mu kaɗai muka tafi ba. Ina da maƙwabci, wani dattijon Bature da ya ƙare ƙuruciyarsa yana aiki a gonakin kiwon shanu na arewacin jihar. Baba muke ce masa, ya kuma amsa sunan. Da na gaya masa niyyarmu, sai ya ce zai shige mana gaba da tasa motar, amma da sharaɗi biyu: lokacin sanyi za a tafi, kuma in ya ce a tsaya, a tsaya. Sanyinsu yana kamawa ne daga Yuni zuwa Agusta, don haka muka tsayar da Yuli. Maganar zafin wurin ba ta wasa ba ce. A garin Oodnadatta ne aka auna zafi mai digiri 50.7 ranar 2 ga Janairun 1960, kuma har yau ba a auna wanda ya fi shi ba a ƙasar.

Motar haya muka ɗauka, Hilux mai shan dizal, irin wadda ke iya ja da ƙafafunta huɗu duka. Kafin in sa hannu Baba ya sa na karanta takardar hayar layi-layi. Yawancin kamfanonin haya suna soke inshora da zarar ka sauka daga kwalta, wasu kuma su lissafa hanyoyin da suka yarda ka bi da sunayensu. Tamu ta amince da hanyar Oodnadatta, amma ta ce taya da gilashin gaba da duk abin da ya daki cikin motar ta ƙasa, wannan tsakaninka da aljihunka.

A gefen sitiyari akwai wani maɓalli mai matsayi uku: H2, H4, L4. A H2 ƙafafun baya ne kawai ke tura motar, shi ne na kwalta. H4 yana haɗa na gaba da na baya su yi aiki tare, shi ne na burji da tsakuwa. L4 kuwa giya ce mai ƙarfi marar gudu, ta yashi mai zurfi da taɓo da hawan dutse, kuma ba ta shiga sai ka tsayar da motar cak ka cire ta daga giya. Baba ya kai mu wani fili a bayan gari ya sa muka yi ta sawa muna cirewa har hannu ya saba. Ya ce mutane da yawa suna ɗaukar H4 abin da ake nema bayan mota ta kafe. A wurinsa kuwa, da tayarka ta bar kwalta ka sa shi, domin amfaninsa na farko shi ne ya hana bayan motar wutsil-wutsil a kan tsakuwa.

Kayan da muka loda: safaya biyu, famfon iska mai aiki da batirin mota, gejin auna iska, kayan facin taya, shebur, igiyar jan mota, akwatin magani, da wani guntun katako mai kauri na ɗora jak. Ruwa lita bakwai ga kowane mutum a kowace rana, da ƙarin na kwana uku da ba a taɓawa, an raba shi a jarkoki da yawa don in ɗaya ta huje kada a rasa duka. Ƙanena ya so mu ɗaure jarkokin a saman motar mu sami wurin miƙe ƙafa. Baba ya girgiza kai. Mai nauyi ƙasa, ya ce, kuma a tsakiyar mota. Irin waɗannan motoci dama dogaye ne, in ka ƙara musu nauyi a ka, kwana ɗaya marar kyau ta isa ta wuntsilar da su. Haɗarin da ya fi tsoro a hanyoyin nan ke nan, mota ita kaɗai ta ƙwace ta yi adungure, ba ta yi karo da kowa ba.

Sai maganar sadarwa. Wayar salula ba ta da amfani a mafi yawan hanyar, sai dai ko a cikin 'yan garuruwan, shi ma ya danganta da layinka. Kowace mota tana da rediyon oba-oba, kuma tasha ta 40 ita ce ta masu tafiya a kan hanya, a nan direbobin manyan motoci ke magana. Baba yana da wayar tauraron ɗan'adam. Mu kuma muka yi hayar wata 'yar na'ura ta neman agaji wadda ba ta fi tafin hannu ba: in ka ja eriyarta ka danna, tana aika inda kake ta tauraron ɗan'adam zuwa cibiyar ceto ta ƙasa. Ba a taɓa ta sai rai na cikin haɗari. Asibiti mafi kusa a irin wuraren nan sau da yawa jirgin sama ne, na ƙungiyar likitocin da ke zuwa ta sama wadda John Flynn ya assasa a 1928. Daga ƙarshe na rubuta wa wani aminina hanyar da za mu bi da inda za mu kwana da ranar da zan kira shi, na ce in ranar ta wuce bai ji ni ba, ya sanar da 'yan sanda.

Daga Adelaide zuwa Marree tafiyar yini ce cur, ta Port Augusta da Quorn da Hawker. Marree gari ne da Musulmi zai so ya tsaya ya duba. Tun daga shekarun 1860 Turawa suka riƙa kawo raƙuma da masu jan su daga Afganistan da yankunan da yanzu suke Pakistan da Indiya, su ne suka yi dakon kaya a wannan hamada kafin jirgin ƙasa da mota. A Marree suka gina masallacin da ake cewa shi ne na farko a ƙasar. Wanda ke tsaye yanzu kwaikwayonsa ne aka sake ginawa: gajeriyar katangar laka, ginshiƙan itace, rufin ciyawa. Mun yi la'asar a gefensa. Alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, kuma sai da ƙanena ya sake duba wayarsa sau biyu kafin zuciyarsa ta yarda.

A bakin gari akwai babban allo da ke nuna halin da kowane yanki na hanyar yake ciki, ko a buɗe yake ga kowa, ko sai mai jan ƙafa huɗu, ko a rufe. Da safe muka tarar da namu a buɗe. Baba ya wuce allon kaɗan ya faka, ya fito da geji, ya durƙusa a gaban tayar motarmu. A kwalta iskarmu tana kan lamba 40 a ma'aunin psi. Ya kwance murfin bakin tayar, ya danna, iska ta yi ta fita tana shiii, yana dubawa yana ƙarawa, har allura ta sauka kan 28. Cikin tayar ya ɗan buɗe ta ƙasa. Ƙanena ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Yaya, anya dattijon nan lafiya? Mu da ke ƙara iska in za mu shiga hanya marar kyau, shi sacewa yake yi."

Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya taso a gida ya san direba yakan tsaya wurin mai faci ya ce a cika masa taya tam kafin ya shiga burji. Na juya tambayar zuwa ga Baba. Bai yi dogon bayani ba. Ya tsinci wani dutse mai kaifi, irin jajayen duwatsun da suka rufe filayen wurin, ya dafa shi a jikin tayar da bai rage wa iska ba tukuna, sannan ya dafa shi a jikin wadda ya rage. Ta farkon ko motsi ba ta yi ba, ta biyun ta ɗan lotsa ta rungumi dutsen. Taya mai tauri, in ji shi, ba ta da inda za ta kai dutse sai cikinta. Mai laushi tana lanƙwasawa ta wuce. Ban da haka tana shimfiɗa ƙafarta a ƙasa da faɗi, ta fi riƙe hanya, kuma tana shanye rabin girgizar da za ta tafi ga shokozoba. Amma akwai farashi. Tayar da aka rage wa iska tana saurin ɗaukar zafi in ana gudu, don haka daga nan har Marla ba wanda zai wuce kilomita 80 a awa, mafi yawan lokaci ma ƙasa da haka. In da yashi mai zurfi za mu shiga, ya ce sai mu sauka har wajen 18, mu rage gudu sosai.

Sauran tayoyin mu muka rage da hannunmu. Na sa H4, na kunna fitilun gaba ko da yake rana tsaka ce, muka ɗauki hanya.

Abin da ya fara gaishe mu shi ne gargada. Ba ramuka ba ne. Wasu ƙananan kunyoyi ne a jere, a gicciye, kamar an kwantar da kwanon rufi a ƙasa an ce ka bi ta kansa, kuma tayoyin motoci ne da kansu ke yin su a kan ƙasa mai sako-sako. In ka tafi a hankali sosai, motar tana hawa kowace kunya tana sauka, haƙoranka har haɗuwa suke yi. In ka ƙara wuta zuwa wajen 60 ko 70, sai ka ji girgizar ta lafa. A nan tarkon yake. Ta lafa ne saboda tayoyin sun daina shiga kwarin, kan kunyoyin kawai suke taɓawa, ma'ana rabin lokaci motar ba ta riƙe da ƙasa sosai. Muddin hanya a miƙe take ba ka jin komai. Da ka zo kwana ko ka taka birki da ƙarfi, sai ka ji sitiyari ya yi sakayau a hannunka. Dokar da Baba ya ba mu ita ce a gama rage gudu tun kafin a shiga kwana, da sassauta totur da taɓa birki a hankali, a shiga kwanar ƙafa ba ta kan birki. In bayan motar ya fara zamewa, kada a daki birki, kada a fizgi sitiyari. A ɗaga ƙafa daga totur sannu, a dubi inda ake son zuwa, a bi da sitiyarin can.

Duk bayan awa ɗaya da wani abu mukan tsaya. Baba yakan zagaya motocin yana kai bayan hannunsa kusa da kowace shokozoba, domin gargada tana dafa man da ke cikinta, in ta yi zafi da yawa sai ta daina aiki, mota ta koma tsalle. Yakan girgiza duk abin da aka ɗaure da noti, ya leƙa ƙarƙashi ko busasshiyar ciyawa ta maƙale kusa da salansa, don ita ce ke tayar da gobara.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu da muka koyi tuƙi a gida, wanda Bature haifaffen can ba zai tuna ya faɗa maka ba. A Ostireliya hannun hagu ake bi. A cikin gari layukan titi da sauran motoci suna tuna maka. A burji babu layi, kana iya yin awa guda ba ka haɗu da kowa ba, kowa kuma tsakiyar hanya yake bi inda ta fi daɗi. Ranar da mota ta ɓullo maka kwatsam a kan tudu, hannunka abin da ya saba tun yarinta zai yi, ya kauce dama, wato daidai inda mai zuwan zai kauce. Mun yi yarjejeniya da ƙanena: duk wanda ba ya tuƙi, da ya hango tudu ko ƙura a gaba, zai ce "hagu" da babbar murya. Mun yi ta faɗa har ya zama abin dariya, amma ba mu daina ba.

Ƙura kuwa ita ce jaridar hanya. Tun daga nesa take gaya maka wani na tafe. Ƙaramar mota ce, ka rage gudu ka matsa hagu, don tsakuwar da tayoyinku ke watsawa ita ke fasa gilashi, sannan ka ɗaga yatsa daga kan sitiyari ku gaisa, haka al'adar take. In kuwa jirgin hanya ne, wato tirelar nan mai jan bodi uku da tsawonta kan haura mita 50, babu wata dabara sai ka sauka gefe ka tsaya. Mun haɗu da ɗaya ɗauke da shanu. Baba ya yi magana da direban ta oba-oba, muka faka. Ta wuce ƙasa na rawa, sai duniya ta koma ja. Ban iya ganin kan bonet ɗin motarmu ba. Muka zauna gilashi a rufe, fitilu a kunne, har ƙurar ta kwanta. Saboda wannan ne ma muke barin tazara mai yawa tsakaninmu da motar Baba, kuma ba a wuce mota a cikin ƙurarta, ko da tafiyar hawainiya take yi.

Sauran abubuwan hanya ana koyon su da ido. Inda aka shimfiɗa ƙarafa a ƙasa don hana shanu tsallakawa, a rage gudu, domin bakinsu yakan zaizaye. Inda hanya ta gangara cikin busasshen rafi, a yi birki tun a sama, a sake shi kafin a kai ƙasa. Inda launin hanya ya canza ya yi fari-fari sumul, a yi hattara, wata ƙura ce mai laushin gari da ke cika rami ta ɓoye shi. Ƙofar gona kuma yadda ka same ta haka za ka bar ta.

Hanyar tana bin tsohon layin dogo ne, wanda ya isa Oodnadatta a 1891, ya kai Alice Springs a 1929, aka daina amfani da shi a 1980. Shi kuma layin ya bi sawun wayar tangaraho ta 1872, ita ma ta bi jerin maɓuɓɓugan ruwa da 'yan asalin ƙasar, irin su al'ummar Arabana, suka san su tun dubban shekaru. Mun tsallaka shingen da aka yi don tare karnukan dajin dingo, mai tsawon fiye da kilomita 5,000. Mun tsaya mun kalli kudancin tafkin Kati Thanda, wanda Turawa suka sa wa suna Eyre, farin gishiri iya ganinka. Mun ga ruwa na ɓulɓulowa daga kan wani tudu a tsakiyar ƙasar da ko ciyawar kirki babu. Katakan layin dogon suna nan warwatse, da tsofaffin ƙusoshinsu, shi ya sa ba a ratse hanya da mota haka kawai.

Ƙarfe huɗu na yamma Baba yake rufe tafiya, ko da saura kilomita kaɗan a kai. Da magariba da asuba kangaru da shanu da wani tsuntsu mai kama da jimina suke fitowa hanya, kuma yawancin gonakin ba su da shinge a gefenta. In dabba ta faɗo maka, ka taka birki motar tana miƙe, kada ka kauce. Gara ka daki kangaru da ka kifar da mota.

Gab da shiga William Creek, garin da mazaunansa ba su kai ashirin ba, akwai wata hanya da ta ratse zuwa bakin tafkin, wurin da ake kira Halligan Bay. Baba ya tsaya a mararrabar ya ba mu labarin da duk mai bin hanyar nan ya sani. A Disambar 1998, tsakiyar zafi, wasu matafiya biyu 'yan ƙasar Ostiriya ta Turai suka shiga can da motar haya, ta kafe a yashi. Suka kama hanya da ƙafa za su nemo taimako, daga baya macen ta ci gaba ita kaɗai, aka tsinci gawarta a kan hanyar. Namijin da ya juya ya koma wurin motar ya zauna, inda akwai tankin ruwa, ya rayu. Da 'yan sanda suka zo, iskar tayoyin suka rage, suka ɗan yi haƙa, motar ta fito cikin 'yan mintoci. Akwai alamar tunawa da ita a gefen waccan hanyar. Ƙanena bai sake yi wa geji dariya ba. Baba ya ƙara da cewa mota tana da inuwa, tana da ruwanka, kuma daga jirgin sama ana hango ta. Mutum mai tafiya a ƙasa ba a ganinsa.

Tsakanin William Creek da Oodnadatta hanya ta fi duwatsu, a nan ne muka rasa taya. Na ji motar tana ɗan rinjaya gefe guda, na bar ta ta rage gudu da kanta, na nemi wuri mai tauri na sauka daga hanya. Tayar baya ce ta hagu, dutse ya tsaga ta a gefe, tsagar ta kai tsawon yatsa. Rage iska yana rage irin wannan, ba ya hana shi ɗungurungum. Da a tafin tayar ne da mun cusa mata faci mun wuce, amma tsagar gefe ba ta facuwa. Muka ja birkin hannu, muka tokare tayar gaba da dutse, muka sassauta notuna tun motar tana ƙasa, sannan muka ɗora jak a kan katakon nan, wanda ba don shi ba da jak ɗin ya nutse. Ƙudaje kuwa sun samu biki a fuskokinmu. Safayar tana cike da iskar kwalta, sai da muka rage ta ta yi daidai da 'yan'uwanta. Bayan wajen kilomita 50 muka sake tsayawa muka ƙara ɗaure notunan. Duk tsawon aikin nan mota ko ɗaya ba ta wuce ba.

Mun ga gadar jirgin ƙasa ta Algebuckina a kan kogin Neales, ƙarfe zalla fiye da rabin kilomita, sannan muka shiga Oodnadatta, inda gidan mai da shagon garin aka shafe su da fenti ruwan hoda. Duk inda muka ga famfon mai sai mun cika tanki, ko da rabi bai ƙare ba, duk da tsadarsa, saboda H4 da gargada suna ƙara wa mota shan mai, kuma tsakanin gidan mai da na gaba kusan kilomita 200 ne. A nan muka sake duba allo, don hadari ya ɗan haɗu ta yamma. Ruwa kaɗan ya isa ya mayar da hanyar nan taɓo mai santsi, hukuma ta rufe ta. Wanda ya bi rufaffiyar hanya tara ce mai nauyi a kansa, ga ramukan da zai bar wa mutanen wurin su yi watanni suna fama da su. Da an rufe, zama za mu yi, abin da ƙarin ruwa da abincin ke jira ke nan. Hadarin ya watse.

A Marla, inda burji ya haɗu da titin Stuart, muka faka muka fito da famfo. Kowace taya sai da ta ci 'yan mintoci kafin ta koma 40, famfon ya yi zafi har sai an bar shi ya huta. Na mayar da maɓalli H2, domin a kan kwalta tayoyi ba sa samun zamewar da H4 ke buƙata, ƙarfin sai ya taru a cikin giya ya yi mata lahani. Baba ya ciro matatar iskar inji ya bubbuga ta a jikin taya, jar ƙura ta zubo. Na kira aminina na ce ya soke batun 'yan sanda. Daga nan muka miƙa kudu ta Coober Pedy zuwa Adelaide. Da muka mayar da motar, ma'aikacin ya zagaya ta da takarda a hannu, ya rubuta taya ɗaya da wani ɗan tabo da tsakuwa ta yi wa gilashin gaba, muka raba kuɗin biyu ni da ƙanena.